Ga Masu Tashi da Lodi daga Fatakwal

'Ya'yana direbobi da yaran mota,

Shekara uku ke nan da na ajiye makulli. Ido ya fara gazawa da dare, gwiwa ta daina jure kuloci, 'ya'ya suka taru suka ce, Baba, ya isa haka. Na ji maganarsu. Amma har yau in na zauna bakin titi da la'asar tanka ta wuce, kunnena ne ke raka ta. Daga kukan inji nakan gane wanda ya ba mota giyar da take so da wanda ke takura mata, daga hucin iska nakan gane birkin da ke yoyo. Shekara talatin da wani abu na yi ina ɗauko mai daga Fatakwal da Warri ina kawowa Arewa, bayan shekarun da na yi ina karen mota, ina wanke gilashi, ina sa weji, ina kwana ƙarƙashin bodi. Da yawa daga cikin waɗanda muka fara tare ba a kan gadonsu suka cika ba. Shi ya sa nake so ku ba ni aron kunnenku na ɗan lokaci.

Wanda bai taɓa tuƙi a Neja Delta ba ba zai gane irin cunkoson da ke can ba. Tun da aka haƙo mai a Oloibiri a 1956, duk wani abu mai nauyi da harkar mai ke buƙata sai ya hau titi. Ku dubi ɗan tsakanin da ke daga mahaɗar Eleme zuwa Onne kawai: ga matatar mai ta Alesa Eleme, wadda aka buɗe tsohuwarta a 1965 da sabuwarta a 1989, ga masana'antun taki da na sinadarai, ga tashar jiragen ruwa ta Onne da ke tura kwantena da bututu da injinan haƙa. Tanka, tirela, tifa, motocin ma'aikatan kamfani masu rakiyar 'yan sanda da jiniya, bas-bas, keke, 'yan acaɓa, mace da tiren ayaba a ka tana tsallakawa, duk a titi guda. Titin nan na Gabas zuwa Yamma, wanda ya taso daga Warri ya bi ta Ughelli da Patani da Kaiama da Mbiama da Ahoada ya shigo Fatakwal ya wuce har Oron, tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da shi tagwaye, yaran da aka haifa a shekarar sun zama direbobi aikin bai gama kammaluwa ba. Da can ma ba a tsara mai zai riƙa hawa bayan mota har Kano ba. An shimfiɗa bututu daga matatu zuwa daffo-daffo na Arewa, su Suleja, Jos, Gombe, Kano, Gusau, Maiduguri. Da matatu suka yi ta tsayawa, masu fasa bututu suka yi ta fasawa, sai nauyin ya dawo kan wuyan direba, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a sawu ɗaya.

Wannan duk gaskiya ne, kuma laifin manya ne. Sai dai ba ni da ikon gyara titi, ku ma ba ku da shi. Abin da ke hannunku shi zan yi magana a kai.

In an ce tanka ta faɗi a Mbiama da asuba, ni a raina nakan ce ba a Mbiama ta fara faɗuwa ba. Ta fara ne kwana uku kafin nan, a layin daffo. Kun san yadda abin yake. Ka shigo fanko ka kama layi, ba ka san ranar da za a kira lambarka ba. Ba ka iya yin nisa, don layi na motsawa a tsallake ka. Dare ya yi ka miƙe a kan mota, zafi da laima sun jiƙa maka riga, sauron bakin fadama yana ta kuka a kunne, ka rufe gilashi ka kasa numfashi, ka buɗe ya cinye ka. Can ƙarfe biyu wani ya danna ham, ka zabura ka matsa taku goma, ka sake kashe inji. Haka dare na ɗaya, haka na biyu. Ranar da aka yi maka lodi, aka buga takarda, aka sa hatimi, la'asar ta yi. Wayar mai mota ta shigo: an sauke? an tashi? gidan mai a bushe yake, mutane na jira. Kai kuma kana lissafin kuɗin sawu, kana tuna kuɗin makarantar yara. Sai ka wanke fuska, ka sha shayi mai kauri, ka jefa goro a baki, ka ce bari in rage hanya.

Ni ma na faɗi wannan kalma, bari in rage hanya, wani dare cikin damina, ina da shekara talatin da 'yan kai. Mun baro Fatakwal bayan isha'i da fetur cike. Ina tuna mun wuce Ahoada, ina tuna ƙarar waifa tana kai da komo. Abin da na sake sani shi ne ihun yarona yana dukan kafaɗata yana kiran sunan Allah. Na buɗe ido na ga ciyawa a cikin fitila inda ya kamata in ga kwalta. Tayoyin dama sun riga sun sauka, ƙasar wurin kuwa taɓo ce, na ji bodi yana jan kai yana karkata a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. Allah ya sa ban fizgi sitiyari ba. Na riƙe shi, na ɗaga ƙafa daga totur, mota ta yi ta nutsewa har ta tsaya a karkace. Da muka sauko da tocila, tsakaninmu da bakin kwalbati bai fi taku shida ba, a ƙasa kuma ga wasu 'yan bukkoki da fitilar aci-balbal tana ci a ɗaya daga ciki. Na zauna a kan taɓon nan ƙafafuna suna rawa, na kasa magana. Yaron ya ce mini idona a buɗe yake sa'ad da mota ta fara barin hanya, shi ya sa bai yi saurin magana ba.

Ku riƙe wannan: ido yana iya zama a buɗe mutum yana barci. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa uku, mita 50 ke nan ba direba a mota. Kuma barci yana aiko da manzanni kafin ya iso. Za ka ga kana hamma a jere, ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, ka ga kamar mutum ko dabba a tsakiyar titi ka matso ba kowa, ka ji wuyanka ya yi nauyi. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya nemi wuri mai faɗi nesa da gidaje da masu wuta ya yi fakin, ya sa weji, ya kwanta. Mafi munin lokaci shi ne daga ƙarfe biyun dare zuwa kiran assalatu. Tun daga daren nan na ɗaukar wa kaina doka: in na kwana biyu a layi, ko wa zai kira, sai na yi barci sosai kafin in tashi. An yi mini faɗa, an taɓa zaftare mini kuɗi, wani ubangida ma ya karɓe makullinsa. Na samu wata motar cikin wata guda. Direban da aka sani ba ya kayar da mota ba ya daɗewa a zaune.

Sai maganar da nake jin nauyinta, amma dole in faɗa. A zamaninmu goro ne da shayi, wasu su ƙara da gadagi. Yanzu ƙwaya ce. Ina ganin yara a tasha suna ɓare Tramadol suna jefawa a lemon kwalba kamar alewa, wai don su yi Fatakwal zuwa Kaduna ba tsayawa. Ɗana, ƙwaya ba ta biya maka bashin barci, ɓoye maka takardar bashin kawai take yi. Jiki yana nan a gajiye, hannu ya yi sanyin amsawa, amma zuciya tana ce maka kai ne sarkin hanya, sai ka ga tazarar da ba ta isa ba ka ce ta isa, ka fita wuce tirela a kan kwana. Mai yawan shan ta kuma tana iya kawo masa farfaɗiya, ka yi tunanin farfaɗiya a kan sitiyari da lita 45,000 a baya. In ka riga ka saba, ba zagin ka nake yi ba. Ka nemi wani babba da ka yarda da shi ka gaya masa, a kai ka asibiti. Kunyar rana ɗaya ce.

To, mu zo ga abin da kuke ɗauka. Yaro ya koyi tuƙi a tifa ko a motar siminti, ya yi wata shida, a ba shi tanka, ya ɗauka duk mota mota ce. Siminti inda ka ajiye shi nan yake zama. Mai kuwa rai gare shi. Lita 45,000 ta fetur ta kai tan 33, in gas ne ya fi haka nauyi, ka haɗa da kai da bodi kana jan tan 50 ko kusa da haka, kuma nauyin yana sama, ba a ƙasa ba. Ka taka birki, mai ya ruga gaba ya tunkuɗe ka bayan ka ɗauka ka tsaya. Ka sha kwana, ya kwanta gefe guda ya ɗaga maka tayoyin ɗaya gefen. Abin ya fi muni in an sauke wani ɗaki an bar wani, ko ɗakin bai cika ba, don a nan ne mai ke samun filin gudu. Wanda ya taɓa ɗaukar ruwa rabin bokiti a ka ya san ya fi cikakke wahalar tafiya. Saboda haka gudu ana rage shi ne tun kafin a shiga kwana ko shataletale, ba a ciki ba. In taya ta sauka daga kwalta, kada ka fizgo ta, ka bar mota ta rage gudu ka dawo da ita a hankali. Akuya ko kare in ya shigo, ka riƙe hanyarka. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ba tanka da tirela kilomita 60 a awa a babban titi mai tagwaye, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Na san kuna dariyar wannan lissafi. Amma duk sa'ad da gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya ninkawa huɗu yake yi, wannan kuwa ba ɗan sanda ne ya kafa shi ba, balle a ba shi na goro ya ɗaga ƙafa. Su kansu hukumomi sun gane nauyi ya yi yawa, shi ya sa daga 1 ga Maris 2025 aka hana yi wa tanka mai lita 60,000 lodi.

Ku masu jan tirela daga Onne, kalma ɗaya: kwantena a kulle ta da maƙullanta huɗu na kusurwa, bututu a ɗaure shi da sarƙa, a sake ɗaurewa bayan tafiyar awa ɗaya, don kaya sukan zauna sarƙa ta saki. Bututun da bai ɗauru ba in ka taka birki ta cikin kan mota yake fitowa.

Duk hatsarin da aka yi, kalmar farko da za ka ji ita ce birki ya tsinke. Ni dai a shekaruna ban cika ganin birkin da ya tsinke ba tare da ya yi ta kuka kwana da kwanaki ana toshe kunne ba. Birkinmu na iska ne. Inji ke tara iskar a tukunya, in iska ta ragu birki ya ragu. A yankin ruwa irin Fatakwal, laima tana taruwa ta zama ruwa a cikin tukunyar, shi ya sa kowace safiya sai a ja zaren ƙasa a tsiyaye ta. Da bakina na sha tambayar yaran yanzu yaushe rabon da su tsiyaye tukunya, su tsaya suna kallona. Kafin ka tashi, ka bar iska ta cika, ka kashe inji, ka taka birki ka riƙe, ka kalli allura, ka kasa kunne. In allura tana sauka ko kana jin huci, ba inda za ka. Na san dabarar da ake yi a hanya, a lanƙwashe bututun da ke yoyo a ɗaure da roba, a kashe birkin wannan layin taya a ce sai an isa gida. Ranar da za ka buƙaci wannan layin, a gangaren Okene ne ko na Ugwu Onyeama kusa da Inugu ko Hawan Kibo, kuma a ranar ba ya nan.

Akwai kuma wata ɗabi'a da kwaɗayin ragowar gas ya kawo, wato sakin mota firi a gangara. Ka cire giya, inji ya koma numfashi a hankali, ba ya riƙe mota, ba ya tara iska da sauri, kai kuma kana ta taka birki kana zubar da wadda ke akwai. Gangunan birki su yi zafi su buɗe, ƙauri ya tashi, ka taka ka ji ƙafa ta tafi a banza. A lokacin ko ka nemi mayar da giya ba za ta shiga ba. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita ake sauka, ko wadda ta fi ta ƙasa. Litar gas nawa za ka tsira da ita a gangare ɗaya? Ko kuɗin likkafani ba ta kai ba.

Taya ma haka. Yawancin abin da ake sa mana kwance ne daga waje, an sha da ita an gaji. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ku koyi karanta ta. In dole sai an yi maneji, kada a yi shi a tayoyin gaba.

Ruwan sama kuwa, wanda ya tashi a Kano ko Katsina sai ya sake koyon tuƙi in ya je Neja Delta. Abin da ke zuba a Fatakwal a shekara ya ninka na Kano fiye da sau biyu, damina tana kama wata bakwai zuwa takwas. Titin cike yake da ɗigon gas da baƙin mai, yayyafin farko ya mayar da shi kamar an zuba kuɓewa. Rami ya cika da ruwa ka ɗauka kwalta ce. Gefen titi, wanda a Arewa ƙasa ce mai tauri da za ka hau ka huta, a can fadama ce mai haɗiye taya. A 2012 da 2022 ambaliya ta yanke titin Gabas zuwa Yamma gaba ɗaya, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Inda ake aiki an mayar da kowa hannu ɗaya, a nan ne ake yawan yin gaba da gaba. In ruwa ya fi ƙarfin waifa, ka tsaya. Waya kuma ka miƙa wa yaronka ya amsa, aikinsa ne.

In mota ta mutu maka a hanya, musamman in an sha gas ɗin nan na dahuwar daji mai toshe inji, kada ka yanko ganye ka watsa taku biyar a bayanta ka ce ka sa alama. Da dare cikin ruwa ba mai ganin ganye. Ka sa alwatika mai ƙyalli can nesa, ka tsayar da yaro da tocila a gefen hanya, ba a tsakiya ba. Bas nawa suka shige ƙarƙashin tirelar da ke tsaye ba fitila, direbanta yana barci a ciki bai sani ba sai da ya ji ƙara.

Yanzu abin da ya fi ci mini rai. Ranar 12 ga Yuli 2012, da safe, wata tanka ta kauce wa karo da wasu motoci a Okogbe, ƙaramar hukumar Ahoada ta Yamma a jihar Ribas, ta faɗa gefen titi. Faɗuwar ba ta kashe jama'a ba. Mai ya fara malala, mutane suka fito da bokiti da jarka, 'yan acaɓa suka ajiye babura suka shiga ɗiba. Da wuta ta tashi, fiye da mutum 100 suka ƙone. Na bi ta wurin bayan 'yan kwanaki, itatuwan bakin hanya sun yi baƙi ƙirin, ga takalman roba a narke a ƙasa. Muna cewa wannan sai Kudu, sai ga shi a gida: Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, daren 15 ga Oktoba 2024, fiye da mutum 150. Bayan wata uku, 18 ga Janairu 2025, mahaɗar Dikko a jihar Neja, fiye da 80, wannan karon ana ƙoƙarin juye man zuwa wata tanka da janareta. Talauci ne ke tura mutane, ba na musu. Amma ku da kuka san halin fetur, ku sani tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana kwanciya a kwata da rami, ya yi nisa inda ido ba ya gani. Tartsatsin bokitin ƙarfe a kan kwalta ya isa, tayar da babur ya isa. In Allah ya ƙaddara motarka ta faɗi ka fito da rai, kada ka tsaya lissafin abin da za ka gaya wa mai mota. Ka kashe inji in da hali, ka nemi mai unguwa ko liman ko fasto ko duk wanda ake jin maganarsa a wurin, ku kori mutane nesa, ta inda iska ke fitowa, a tare hanya ta gaba da ta baya, a kira 'yan kwana-kwana da jami'an kiyaye haɗurra. Na san tsoron da ke sa direba gudu, ana iya far masa da duka. Ko za ka gudu, ka yi ihun wuta kana tafe.

Nakan ji yara suna cewa, Baba, in kwana ya ƙare ko a gado ne sai an tafi. Haka ne, na yi imani da wannan fiye da yadda kuke zato, don na ga mutuwa taku shida a gabana ta juya. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce ƙaddara ta ɗauke wa mutum alhakin ran da ya salwantar da ganganci ba. Mutanen cikin bukkokin nan na bayan Ahoada ba su san ni ba, ba su ci kuɗin sawuna ba, barcinsu suke yi. Da mota ta gangara kansu, da me zan je gaban Allah? Yaron da ke zaune gefenka ma amana ne, uwarsa ta ba ka shi ya koyi sana'a ya dawo mata.

Ku iyayen gida masu motoci, da yawanku 'yan'uwana ne, mun ci tuwo a kwano ɗaya. Direban da ya kira ya ce birki ba daidai ba, a tura masa kuɗin gyara, kada a ce ya lallaɓo. Jami'an da ke duba mota a daffo kafin lodi, a bar su su duba da gaske, kada a saye takarda. Ku kuma shugabannin ƙungiyar direbobin tanka, yaron da aka kora don ya ƙi tashi da mota mara lafiya, ku tsaya masa, don haka ake karɓar kuɗin ƙungiya.

Kai kuma ɗana, da kake karanta wannan a layin Eleme ko na Warri, ko wani yake karanta maka a teburin mai shayi: in an yi maka lodi yau da yamma kuma ka san daren jiya ba ka runtsa ba, fita da motar daga daffo, kai ta wurin fakin, yi sallarka, gaya wa mai mota sai da safe, ka kwanta. Da asuba ka tsiyaye tukunya, ka zagaya tayoyi da ƙarfe kana bugawa, sannan ka tashi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku ga iyalanku.